Masu ƙirga sun dawo

Shekaranjiya wata ƙanwata 'yar baffana da take karatun kiwon lafiya ta kirani tana ta mita, wai za'a turasu tadribi, wato horon aiki, cikin jama'a ita kuma bata ga amfanin abun ba, ai cike takarda ne kawai a samu maki. Nace mata tsaya in baki labarina, ban kai ko rabi ba layi ya yanke, kun dai san yadda waya ta koma a ƙasar nan tamu Sudan tun da aka fara yaƙi. Shine nace bari in zauna in rubuta, ita ta karanta, wanda Allah yasa ya gani shima ya karanta.

A Mai Wurno aka haifeni, kudu da birnin Sinnar kaɗan a bakin kogi, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903 jama'a suka yo gabas. Kakana na wajen uba shi daga baya yazo, daga ƙasar Kano ya taso da niyyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare ya tsaya tsintar auduga, hajjin da bai samu yi ba kenan sai da furfura ta cika masa gemu. Babana kuma agashe yake sayarwa a kasuwar Sinnar, tsiren nan namu da Sudan kaf ta karɓa har da sunansa, kuma wallahi da kuɗin agashe akai min makaranta tun daga aji ɗaya har na gama.

A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci. Da naje Wad Madani, babban birnin yankin Jazira, karatu a 2012 sai na naɗe Hausar na cusa ƙarƙashin akwati. Ba wanda ya hanani yinta fa, kar in ɗau alhakin mutane, amma sau ɗaya naji wasu 'yan mata a ɗakin kwana suna kwaikwayon yadda "Fallata", wato mu 'yan asalin Afirka ta Yamma, suke magana suna ƙyalƙyala dariya, tun daga ranar in Inna ta kirani sai in fita can bayan tankin ruwa in amsa ƙasa-ƙasa. Shekara uku ina haka, Larabcina kuma ba mai ganewa, duk wanda ya tambaya sai ince 'yar Sinnar ce ni shikenan.

A shekara ta uku ake fita tadribi na wata ɗaya a ƙauye. Wannan tsarin a yankinmu tsoho ne, Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975 ita tayi suna dashi, sashen likitancinta tun farko aka ginashi akan ɗalibi ya fita cikin ƙauyuka ya san mutanen da zai yiwa aiki kar ya ƙare a aji da asibiti kawai, a da har daga ƙasashen waje ake zuwa ganin yadda suke yi. Ni ba a can nayi ba, wata ƙaramar kwaleji ce tamu da ta ɗauko salon, lafiyar al'umma nake karanta. Kwalejin tana da yarjejeniya a rubuce da kwamitin wani ƙauye, su bamu masauki da abinci, mu kuma mu duba matsalolin lafiyarsu mu rubuta rahoto. Kowa aka bashi daftarinsa da zai rinƙa rubuta aikin kullum, da fom 50 na tambayoyin gida-gida, kuma aka faɗa mana ƙarara cewa maki yana kan cikar fom, sai sa hannun malamin da yake dubamu, sai rahoton ƙarshe.

Watan Janairu ne na 2015, ana sanyi, ana tsintar auduga. Da aka zo rabon unguwanni sai shugaban kwamitin ya nuna tsallaken tur'a da sandarsa yace akwai kambo can in kuna so, su dai basa cikin takarda. Dan wanda bai sani ba, tur'a ita ce babbar hanyar ruwan noma, kambo kuma zangon 'yan ƙwadago ne a gefen gonaki. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ya fara shiga gonakin Jazira ake neman hannun da zai tsinci auduga, mutane suka zo daga Darfur da Kurdufan da Cadi da Najeriya, suka kafa bukkoki a bakin ruwa, wasu har jikoki da tattaɓa kunne suna nan amma basu da gonar kansu, basu da takardar fili, yawanci ba famfo ba wuta. Ba wanda ya ɗaga hannu, sai akai ƙuri'a ta faɗo kaina ni da wata 'yar garin Shandi na arewacin Sudan, yarinya mai kirki da yawan surutu.

Ranar farko muka tsallaka ta kan wani itace da aka gitta, muka shiga gidan farko, wata tsohuwa tana zaune kan angarib, gadon nan na igiya, tana tsince wake, doguwa da ita, hannunta duk jijiya. Ta amsa sallamarmu da Larabci da fara'arta, sannan ta juya wajen surukarta tace da Hausa, Hausa tsantsa irin ta kakata:

"Ga masu ƙirga nan sun dawo. Shimfiɗa musu tabarma, in sun tambayi masai kice akwai, ruwa kuma kice na tanki muke sha, su rubuta su tafi mu samu mu koma gona."

Gabana ya faɗi. Amma kun san me nayi? Na buɗe fom, 'yar Shandi tana tambaya ni ina rubutawa. Masai, akwai. Ruwan sha, tanki. Akwai mai fitsarin jini a gidan nan, babu. Gida bayan gida haka, ashe tsohuwar ita ce ungozomar kambon kuma maganarta ta riga mu zagawa, duk inda muka shiga amsa iri ɗaya kamar karatun allo. Ina jin mata suna zolayarmu, wata tace wannan baƙar kamar tamu, wata tace ina, 'ya'yan birni ne basu san ko tsinken auduga ba. Kwana uku ina ji ina haɗiyewa, fom ɗina yana ta cika, har na fi kowa a rukuninmu sauri, da dare in kwanta in kasa barci.

Rana ta huɗu muka sake bi ta gidan tsohuwar dan akwai layin da muka manta, ana dafa jabana, wato gahawa, a kan kasko, garwashi ja wur, ga wani yaro mai rarrafe ya nufi kaskon uwar ta bada baya tana dauraye kofuna. Ban san sanda bakina ya buɗe ba, "kai kai kai, ɗauke yaron nan, wuta!" Uwar ta fizgeshi. Sai gidan yayi tsit, har kajin kamar sun daina tsattsaga.

Tsohuwar ta ajiye faifan hannunta ta dubeni sama da ƙasa.

"'Yar nan, ashe kwana huɗu kina jinmu."

"Eh Goggo."

"Kuma kina rubutawa."

"Eh."

"'Yar ina ce ke?"

Nace Mai Wurno, na faɗi unguwarmu da sana'ar Baba. Ta gyaɗa kai tace ta taɓa zuwa can biki tana budurwa. Sannan tace, "To mu munyi muku ƙarya ne dan bamu sanku ba. Ke da kika san ƙarya ce kika sa hannu kika rubuta, wa kike yiwa taki?"

Har yau in na tuna sai naji zafi a kunnena. Kuka nayi a gaban mutane, gyalena ya jiƙe, 'yar Shandi tana ta zungurina tana tambaya me akace me akace. Da na faɗa mata a hanya sai ta tsaya cak a bakin tur'a tace yanzu dama kina jin yarensu kika barni ina ta fama da hannu kamar kurma? Abun da ya dameta kenan fa. Shekara uku ina ɓoye abu, ita ko a jikinta.

Da yamma Goggo ta aiko jikarta ta kirani ni kaɗai. Ta bani kunu, ta zaunar dani tace mu ne rukuni na shida da suka zo tun da aka fara wannan abu. Na farko sun karɓesu hannu bibbiyu, an yanka musu kaji, an faɗa musu komai har abun da mace bata faɗa wa namiji, an bada fitsarin yara a kwalabe. Suka tafi, shiru. Na biyu suka zo da tambayoyi iri ɗaya sak. Na uku har awaki suka ƙirga. Ba wanda ya taɓa dawowa yace ga abun da muka gani a kwalaben nan. Tace ita ta sani sarai da ƙirgarsu ake samun shahada, wato takardar gama makaranta, a zama manya a ofis, "kuma ɗiyata kowa ya ci ladan kuturu ai sai yayi masa aski, su sun ci sun goge baki." Shi yasa suka yanke shawarar kar a ƙara ɓata musu ranar gona, ranar tsinta kuwa kuɗi ce, a kan nauyin abun da ka tsinto ake biyanka.

Washegari muka yayyaga fom ɗin da muka cike, ni da 'yar Shandi, muka fara daga farko. Yanzu aikin ya daina sauri, dan ba'a shiga gidan Bahaushe a tsaya a tsaye da biro, sai an gaisa an tambayi gajiya an tambayi sanyi an sha abun da aka baka, wani gidan ma sai bayan magariba in sun dawo daga gona. A rana in munyi gida biyu mun gode Allah. Amma abun da muka ji! Masai uku ne a kambon gaba ɗaya, ƙasar Jazira baƙar laka ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ramin da aka haƙa ba siminti sai ya rufta. Tankin yana cikin ƙauye a tsallake, in sun je sai masu gari sun gama ɗiba, dan haka sha da wanka da wanki duk a tur'a. Yaran kuwa tsargiya ta zama musu kamar kaciya, yaro yana ganin jini a ƙarshen fitsari yana murna wai ya girma. Mata ma suna da nasu ciwon mara da suke jurewa suna cewa sanyi ne.

Da nace musu daga ruwan tur'a ne Goggo ta musa, tace zafin rana ne da tsallake fitsarin wani, ai su ma ruwan suke sha tun suna yara. Nayi ta bayani irin na aji, cewa mai ciwon in yayi fitsari ko bayan gida a ruwa ƙwai yana fita ya ƙyanƙyashe ya shiga cikin ƙananan dodon koɗin nan da suke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ya girma a ciki, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ba sai ka sha ba. Suna ta kallona kamar mai tatsuniya. Wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaji na cibiyar lafiyar ƙauyen, Allah ya saka masa, shi yace min bar wahalar da bakinki, gani ya kori ji. Ya bamu safar hannu da matata muka bi bakin tur'a da sassafe muka kwaso dodon koɗi masu yawa, muka rarraba a ƙananan kwalabe da ruwa mai tsabta muka jera a rana kan tabarmar Goggo. Aka zauna ana jira ana ta yi mana dariya. Can wajen hantsi ya ɗaga kwalba ɗaya ya saita da haske ya miƙo gilashin ƙara girma, sai ga wasu abubuwa farare mitsi-mitsi kamar ƙurar gari suna ta wutsil-wutsil a ruwan da muka zuba garau da hannunmu. Goggo ta karɓa ta rufe ido ɗaya ta daɗe tana kallo, sannan tace "la'ilaha illallahu, a kirawo min matan nan." Ranar ba wadda ta je gona da wuri, kwalbar nan hannu zuwa hannu har shehun kambon sai da yazo ya gani.

Daga nan suka yarda aka karɓi fitsarin yara, tsakanin hantsi da azahar dan lokacin ƙwan ya fi fita, kuma nayi musu rantsuwa cewa ko mene ne aka gani da bakina zan dawo in faɗa. Fiye da rabin yaran da muka gwada suna dashi. Na dawo na faɗa, uwa bayan uwa, da Hausa, wasu kuma da Larabci dan kambon ba Hausawa kaɗai bane. Muka kuma nuna musu ɗan abun da zasu iya da kansu, in aka ɗebo ruwa aka barshi a durom kwana biyu tsutsar tana mutuwa, ana iya yiwa yara wanka dashi.

To sai zancen maki. Malamin da aka ɗora mana sau ɗaya yazo a wata guda, ranar Alhamis, a mota, ko tur'ar bai tsallaka ba. Ya zauna a inuwar masauki aka jera masa daftari yana sa hannu yana shan shayi, yana ƙirga fom da yatsa kamar mai ƙirga kuɗi. Nawa 23. Ya ɗago yace ina sauran, na fara bayani yace ya ustaza ni lamba aka ce in duba. Kuma Allah shine shaidata, akwai samari biyu a rukuninmu da suka cike nasu 50 ɗin a gindin darbejiya a yini biyu suna karta, har suna tambayar juna gidan nan 'ya'ya nawa zamu basu. Su suka samu mumtaz, makin da ya fi kowanne. Ni da 'yar Shandi makbul, wato dai kin tsallake da ƙyar, kuma wannan makin shi ya ja min sakamakona na ƙarshe ƙasa, har gobe yana kan shahadata. Baba da ya gani bai ce komai ba, ya dai tambaya ko akwai wanda ya zalunceni, nace a'a dan ban san yadda zan fara masa bayani ba.

Ban ce malamin mugu bane, rukuni huɗu aka bashi a ƙauyuka huɗu ga albashin da baya kai wata. Takardar auna mu ɗin ce ba ta da gurbin abun da ya kamata a auna. Akwai layin yawan fom, akwai layin tsabtar rubutu, akwai har layin zuwa a kan lokaci, amma babu inda za'a tambayi mutanen da aka zauna a cikinsu ko ɗalibin nan ya amfane ku, ko ya dawo muku da abun da ya gano. Yarjejeniyar ma da masu tanki akayi, marasa ruwan ko sunansu babu a ciki. Ita kanta kwalejin a ƙarshen shekara abun da take rubutawa a rahotonta shine mun tura ɗalibai kaza ƙauyuka kaza, sai a tafa mata.

Wata malama ce guda ɗaya, dattijuwa mai koyar da mu cututtukan da ake ɗauka daga ruwa, ta karanta rahotonmu har ƙarshe. Ta kiramu ofis tace maki ba a hannunta yake ba, amma ta yi aiki tana yarinya a babban shirin nan na yaƙi da tsargiya da zazzaɓin sauro da akayi a Jazira a shekarun 1980 kuma ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Da wasiƙarta aka samo praziquantel, maganin tsargiya, muka koma da kuɗin motarmu muka auna yara muka basu bayan sun ci abinci dan yana juya ciki. Jinin ya tsaya, iyaye suna ta sa albarka. Bayan shekara na koma gaida Goggo, da yawansu ya dawo musu, ai dole, zafin watan huɗu a Jazira wa zai hana yaro faɗawa ruwa. Maganin yana kashe tsutsar da take jiki ne baya hana wata shiga.

Famfo shine maganar, kuma nan aka sha daga. Wasu a kwamitin ƙauyen suka ce in aka ja musu ruwa an yarda kenan sun zauna har abada, kamar shekara hamsin da sukai a wurin baƙunta ce. Malamar nan tayi ta zuwa da kanta, limamin ƙauyen ya sa baki, a ƙarshe aka yarda da kan famfo ɗaya a bakin gada. Mutanen kambo sukai gayya suka haƙa ramin bututun da hannunsu, kuɗin bututu kuma karo-karo akayi, har Baba ya bada cinikin agashensa na kwana biyu bayan na bashi labarin gaba ɗaya, harda na yadda nake ɓuya bayan tankin ruwa in amsa wayar Inna da Hausa. Wannan ɗin ne ya sa shi yin shiru ya daɗe.

Na samu aiki a Madani na zauna har Disambar 2023 da yaƙi ya ci garin muka gudo gida da kayan jikinmu, daftarin tadribina da na adana kusan shekara tara can na baro shi. Da yaƙin ya iso Sinja, babban birnin jiharmu ta Sinnar, a tsakiyar 2024 muka sake tashi zuwa Gadarif. Lokacin kwalara ta ɓarke, makarantu cike da 'yan gudun hijira, ni kuma aka sani duba ruwa da masai a wasu daga ciki, sai kuma aka haɗani da ɗalibai shida da karatunsu ya tsaya aka ce su ƙarasa tadribinsu a hannuna, nice mai sa hannu yanzu. Takardar auna su da aka miƙo min kusan irin waccan ce, layi-layi. Na cike musu ita yadda aka ce, amma kafin in sa maki sai na ɗauki kujera naje ajin da matan suke kwana na zauna nace ku faɗa min, cikin yaran nan wa kuka sani.

Biyar sun sansu har da sunan da suka laƙaba musu. Na shidan, wanda daftarinsa ya fi na kowa kyau, rubutu kamar na inji, wata tsohuwa 'yar Dindir tace au wannan dogon mai tsayawa a bakin ƙofa? Ai bamu taɓa ganin ya zauna ba. Na rage masa maki, yazo yana huci yace ustaza ina aka rubuta zama a cikin sharuɗɗa, nuna min layin. Nace babu layin. Yace to zai kai ƙara, nace ga biro ga takarda ka kai, amma gobe ƙarfe bakwai akwai rabon kulorin a aji na uku kuma kai zaka yi musu bayani, ka taho da tabarma.